Layi Shida na Malam Sada

A Mawashi, in ka tambayi gidan Malam Sada, sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce gidan Malam Go, ko tsohuwar da ba ta taɓa leƙa aji ba za ta nuna maka shi da haɓa: can bayan firamare, inda katangar ƙasa ta jingina da wani tsohon icen bedi.

Ba shi ya zaɓi boko ba. Mahaifinsu, Malam Zainul Abidin, makarantar allo gare shi a zaure, kuma a shekarar da aka aiko kowane gida ya ba da yaro guda, sunan wansa Kabo aka rubuta. Kabo ya ji labari, ya haye rumbu ya lafe cikin dawa tun hantsi har la'asar. Da ɗan aiken dagaci ya gaji da jira, sai ya kama hannun wanda ya tarar a bakin ƙofa yana shan rake. Sada ke nan, ɗan shekara bakwai. Daga nan bai tsaya ba sai makarantar horon malamai. Ya dawo da takarda da keke, ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci a ƙauyukan Kusada. Kabo kuwa ya gaji zauren ubansu da allunan da ke cikinsa. Ba su taɓa tayar da zancen rumbun nan a tsakaninsu ba, ko da wasa.

Malam Sada yana da hanyarsa ta koyarwa. Ya ce Turanci ba a haɗiye shi gaba ɗaya, kalma guda za ka kama ka hore ta. Wadda ya kama ita ce go, wato tafiya. “Jaka ce,” in ji shi, “kowane kaya ka aza mata za ta kai maka.” Ranar farko ta kowane zango sai ya shafe allo da baƙin tsohon batir, ya jira ya bushe, ya ɗauki alli ya jera layi shida:

I go to the market.
I go to the farm.
I go to the mosque.
I go to the well.
I go to school.
I go home.

Kasuwa, gona, masallaci, rijiya, makaranta, gida. Yakan ce wanda ya iya zuwa wuraren nan shida da Turanci ya gama zagaye Mawashi. Sai sun zauna daram a bakin yara sannan ya cire mai tafiyar ya sa wani: mu, ku, su. Daga baya ya koya masu aiken mutum da ita, go and wash, go and call him, ya kuma nuna masu yadda take rikiɗa in tafiyar ta jiya ce. Amma kullum da layi shidan nan ake buɗe aji, da su ake rufewa. Bai taɓa dukan ɗan kowa ba. Karan dawa yake riƙewa. In an yi kuskure ya buga shi a ƙasa sau biyu, ƙwas ƙwas, a koma farko.

Matarsa Hassana ba ta yi boko ba. Amma da aka dawo da shi makarantar garinsu, katanga ɗaya ce tsakaninta da ajinsa, don haka shekara goma sha biyar tana jin abin yana tsallakowa kowace safiya. Ta iya sautin tsaf, har da shi take auna bugun taɓarya, ba tare da ta san ko kalma ɗaya ba.

“Malam, wai ku ba ku isa inda za ku ne?” takan ce in ya shigo da alli a gefen riga. “Shekara nawa kuna go, go.”

“Muna hanya, Hassana,” yakan amsa. “Jakar ce ba ta sauri.”

Da ya yi ritaya sai ya koma gona da rediyo, da karanta wa mutane takardun da aka aiko masu daga Kusada ko Katsina. Shekaru suka yi ta tafiya haka lami lafiya. Sai a kakar bara, ana girbin gero, ya sunkuya zai ɗaure dami bai miƙe ba. A amalanke aka fito da shi bakin hanya, daga nan mota ta kai shi asibiti a Kankia. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Kwana goma sha ɗaya yana kallon mutane da ido, ko uffan.

Rana ta goma sha biyu da safe, autarsu Fiddausi, wadda ke aure a nan Kankia, ta kawo kunu. Hassana na fifita shi a kofi, sai ta ga Malam ya kafe jarkar ruwa da ido. Jijiyar wuyansa ta tashi. Sai murya ta fito, tas, kamar yana gaban allo:

“I go to the well.”

Cokali ya suɓuce daga hannun Fiddausi.

“Mi ya ce?” in ji Hassana.

“Ya ce za shi rijiya, Inna.”

“Rijiya? Da wace ƙafar?”

Fiddausi ta dubi inda yake kallo, ta zuba ruwa ta kai masa baki. Ya sha har ya ƙware, ya lumshe ido.

Likitan da ke duba shi bai yi mamaki sosai ba. Ya ce ciwon nan yakan toshe hanyar magana, wani lokaci babbar hanya ta rufe, wata 'yar siririya da aka fi takawa ta tsira. Kowa da abin da ke rage masa. “Hankalinsa na nan, Hajiya, yana jin duk abin da kuke faɗi. Ku riƙa amsa masa. Ko mene ne ya fito daga bakinsa, ku amsa. Abin da ba mu so shi ne ya yi shiru.”

Aka dawo da shi gida. Abin da ya rage masa daga maganar shekara sittin da huɗu shi ne layi shidan nan, ba ƙari. Ba ya iya kiran sunan kowa. Ko “na'am” ba ta fita.

Fiddausi ta yi kwana uku a gida tana koya wa uwarta. Suna zaune bisa tabarma suna ɓarar gyaɗa, ɗiyar na faɗi uwar na maimaitawa.

“Kai, Inna! Shekara sha biyar kina ji ta katanga, amma ki ce makkis?”

“Ke dai faɗa mani wanne ne na masallacin. Ba jarrabawa za ni ba.”

“Na uku.”

“To shi ke nan. Na uku.”

Da ƙidaya ta riƙe su, da yatsu. Sannu a hankali ta gane yadda Malam ke aiki da 'yan kayan da suka rage masa. Rijiya, ruwa yake so. Masallaci, lokacin salla ya yi, a kawo buta a juya shi gabas. Kasuwa, yunwa. Gona, a fitar da shi ƙarƙashin bedi ya sha iska. Makaranta ta fi ba ta wahala. Sai da ta yi kwanaki tana kawo abin da ba shi ba, kafin ta gano rediyonsa yake nufi. Gida kuwa, ya gaji, a kwantar da shi, baƙi su tafi. In ta yi daidai ya lumshe ido. In ta kuskure ya laluba karan dawar da ta ajiye masa a hannun hagu, ya buga ƙasa sau biyu. Ran da ya fara yi mata haka ta yi dariya har da hawaye. “Ni ma an sa ni aji da tsufana,” in ji ta.

A waje kuwa magana ta fara yawo. Matan da ke zuwa dubiya sukan zauna a bakin ƙofa, da zarar ya buɗe baki su dubi juna. Mutum ya faɗi a gona tsakar rana, ya tashi da harshen da ba na uwarsa ba, ai ba sai an tambaya ba. Wata ta ce ta san irinsu, akwai Turawa a cikin mutanen ɓoye, in sun hau mutum ba sa jin Hausa. Wata ta ce gonar tasa dama akwai tsohuwar tsamiya a gefenta. Cewa ya shekara talatin da biyar yana faɗin kalmomin nan bai canza komai ba. Da, in ji su, yana faɗi ne in ya ga dama, ya dawo ya yi Hausa. Yanzu wa ke riƙe da harshen?

Kabo bai shiga surutun mata ba. Shi abin da ke cinsa daban ne. Kowace safiya in ya sallami masu karatu sai ya shigo, ya zauna kusa da ƙanen, ya riƙe hannun da ya mutu.

“Sada, ce La'ilaha illallahu.”

Leɓen Malam Sada ya yi rawa. Zufa ta tsattsafo masa a goshi. Ya yi ƙoƙari har idonsa ya yi ja.

“I go to school.”

Kabo ya saki hannun a hankali, ya share fuska da gefen rawani, ya fita. Haka suka yi wata biyu.

Wata Juma'a da hantsi ya zo da dattawa uku na dangi. Suka zauna ƙarƙashin bedi inda aka shimfiɗa wa Malam Sada, aka kira Hassana. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ja mayafi. Kabo ya ce akwai wani malami a wani ƙauye gaba da garin Boko, mai ruƙiyya, mutumin kirki, ba ya duka, ba ya ɗaure mutum. Sun yanke a kai Sada can ranar Lahadi.

“Yaya, likita ya ce hankalinsa na nan.”

“Likita ya ba shi magani wata biyu. Sada ya ce Allah ko sau ɗaya?”

“Yana salla, Yaya. Shi ke tuna mani lokaci. Maganar nan da kuke ji ba ta banza ba ce, kowace da abin da yake nufi. Ni ina ganewa.”

“Ke da Turanci, Hassana?” in ji ɗaya daga dattawan, sauran suka yi murmushi.

Kabo bai yi murmushi ba. “Ke ba ki ga abin da ni ke gani ba,” ya ce. “In yau aka zo ɗaukar ransa, da mi zai cika? Ɗan Malam Zainul Abidin ya tafi da go a baki? Ni aka rubuta, ba shi ba. Ni na kai shi ga abin nan. Ba zan zauna ina kallo ba.”

Hassana ba ta taɓa jin ya ambaci wannan ba. Ta dubi mijinta, ta ga idonsa na kan wansa.

“To ku jira kaɗan,” ta ce. “Yanzu za a yi kiran farko. Da an kira zai faɗi ta masallaci, ta uku, ita kaɗai. Ku ji da kunnenku. In bai faɗa ba, ku yi yadda kuka ga dama.”

Suka yarda. Aka zauna ana jira, kaji na tono a gindin katanga. Can lasifika ta yi ƙara, ladan ya ɗaga murya. Idanun mazan nan huɗu suka koma kan Malam Sada, na Hassana ma haka. Ya ji duk abin da aka faɗa, ya san abin da ke kansa. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Hannunsa na hagu ya damƙi kara har ya tsage. Sai abin ya ɓalle masa gaba ɗaya, tun daga kasuwa har gida, ya koma farko, ya sake, da sauri, da ƙarfi, miyau na zuba ta gefen da ya karkace, hawaye na bin kuncinsa, ya kasa tsayawa.

Dattawan suka ja da baya suna a'uziyya. Hassana ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya sake tambayarta komai.

Ta kira Fiddausi a waya da yamma. Fiddausi ta yi kuka, ta ce za ta zo ta yi wa Baba Kabo magana. Ta zo ran Asabar, ta durƙusa a zaurensa, ya saurare ta har ta gama, ya sa mata albarka, ya ce ta koma ɗakinta. Yayyen Fiddausi maza biyu suna kudu wajen nema. Da aka kira su suka ce abin da Baba Kabo ya gani shi ne daidai, addu'a ai ba ta ɓata komai.

Ran Lahadi aka tafi da Malam Sada, Hassana ta bi shi, don ba mai iya jinyarsa sai ita. Malamin ya kasance yadda aka faɗa, mai sanyin murya, mai kunya. Safe da yamma yakan zo ya yi karatu a kansa, a ba shi rubutu, a yi turare. Sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya ce baƙon da ke magana da bakin mutum da kulawa yake rayuwa; in ana amsa masa, gida ya samu. Saboda haka duk lokacin da harshen nan ya fito, kowa ya kau da kai, ya nemi tsari, kada a ba da abin da aka nema. In mai jikin ne ke so, zai nema da harshen iyayensa.

Kabo ya tare a can tare da su, yana zaune a bakin ƙofa da carbi.

Ranar farko da rana ta take, Malam Sada ya dubi randa.

“I go to the well.”

Hassana ta riga ta yunƙura kafin ta tuna. Ta ji carbin Kabo ya tsaya. Ta koma ta zauna, ta juya fuskarta ga bango. Ya sake faɗi. Ya buga kara sau biyu, yana zaton ba ta gane ba ne. Ya sake bugawa. Tana kallon wata tsaga a jikin bangon, tana ƙirga numfashinta. Sai da aka jima, magana ta mutu, sannan ta tashi kamar wadda ta tuna wani abu, ta ɗebo ruwa ta kai masa. Ya sha. Bai lumshe ido ba. Kallonta kawai yake yi ta saman kofin.

Haka ta yi ta yi, tana jinkirta masa komai don kada a ce ta amsa. Ta uku ta zo, ta kau da kai, sai bayan an jima ta kawo buta. Ta ɗaya ta zo, ta kau da kai. Sau ɗaya da Kabo ya zagaya, ta matsa kusa ta raɗa masa, “Malam, ina jinka, wallahi ina jinka, ka yi haƙuri.” Ya juya ido wani wajen. A kwana na huɗu ya daina buga kara. A na bakwai sauran biyar suka ɗauke, ya rage ta ƙarshe kaɗai, yana faɗinta a hankali, ba ya kallon kowa: “I go home.” A na goma sha biyu ita ma ta tafi.

Aka ƙara kwana uku don a tabbatar. Malamin ya ce alhamdu lillahi, baƙo ya fita, saura harshen gida ya dawo, wannan kuwa sai a hankali, a ci gaba da addu'a. Kabo ya rungume malamin yana kuka.

A Mawashi aka yi ta shigowa barka. Matan da da suke tsayawa a bakin ƙofa yanzu har tabarmarsa suke zama. “Kin gani ko, Hassana? Ji yadda ya natsu.” Tana cewa, “Alhamdu lillahi.” Kabo na zuwa kowace safiya kamar da, ya riƙe hannun, ya ce, “Sada, ce La'ilaha illallahu.” Leɓen ba ya ko motsi. Kabo yakan ce saura kaɗan, yana jin kalmar a kusa.

Da Fiddausi ta mayar da shi asibiti ganin likita, likitan ya tambayi tun yaushe ya daina magana. Aka faɗa masa. Ya daɗe yana kallon takardar da ke gabansa. Ya ce a ci gaba da shan magani, a riƙa yi masa hira, wataƙila. Bai ƙarasa ba.

Yanzu Hassana da ka take jinyar. Ta kawo ruwa ko yana so ko ba ya so, ta kunna rediyo, ta kashe, ta fitar da shi, ta mayar. Ba ta san wanne ta yi daidai ba. Yaran firamare sun samu sabon malami mai tasa hanyar, ba a jin layi shidan ta katanga.

Wata la'asar, watanni bayan dawowarsu, tana tsince wake a faifai ƙarƙashin bedi, yana jingine da katanga kusa da ita. Ta leƙa zaure, ba kowa. Sai ta fara, ƙasa ƙasa, da nata karyayyen bakin, tana lanƙwasa yatsu. Ta faɗi ta kasuwa. Ta faɗi ta gona. Ta tsallake ta uku da gangan, ta faɗi ta rijiya.

Ba abin da ya faru. Ta ci gaba da tsintar wake.

Ƙwas. Ƙwas.

Ba ta ɗago ba, don kada ta firgita shi. Ta koma farko, ta jero su shida cif, a hankali, ta tsaya a kan ta ƙarshe tana jira. Iska ta kaɗa 'ya'yan bedi suka zubo cikin faifan. Ta jira har inuwa ta matsa daga ƙafafunsa. Bakinsa na rufe, karan na kwance a cinyarsa.

“Malam, wacce a ciki?” ta ce. “Ko ɗaya. Zan amsa.”

Yana kallon katangar makaranta. Ta ajiye faifan, ta je ta ɗebo ruwa, ta ɗauko buta, ta ɗauko rediyo, ta jera su a gabansa, ta zauna.